Farfelar Inji Na Biyu

Tashar Wuta ta Ruwan Tsauni,
20 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga ɗiyata Scholastica,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen Sabon Tasha da abokan aikinki na Kakuri. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ake ta yi. Mamarki tana gaishe ki, ta ce tun Ista ba ta sa ki a ido ba.

Bayan gaisuwa, maganar inji na biyu ce ta sa na ɗauki biro. Ranar Litinin muka tsayar da shi muka buɗe gidan farfela. Yashin da kogi ke kwasowa daga gonakin tudu ya cinye bakin fikafikanta, wani wurin har kana hango haske ta cikin ƙarfen. Shekarata talatin da ɗaya a wannan tasha, goma sha biyu a ciki ina foman, kuma aikin ke nan kowace damina: yashi ya ci, in cike da walda, in gurza, a mayar. Da can waldata takan kai shekara. Yanzu wata uku ba ta yi.

Tun da sojoji suka miƙa mulki kamfani ya turo mana sabon Manaja. A taronmu na farko ya ce idan ba a samu gyara mai ɗorewa ba zai rufe inji na biyu. Kin san inji ɗaya ba zai riƙe asibiti da injinan niƙa da garuruwa shida ba, kuma rabin ma'aikata gida za a tura su. Sai na miƙe na ce ɗiyata injiniya ce, a shagon Cyril da take aiki suna fesa wa ƙarfe wani gari da wuta ya koma ya fi dutse tauri. Ya ce za ta iya? Na ce an gama.

Saboda haka ki gaya mini ranar da za a kawo. Ki ba Ɗanjuma direba amsa, kullum Juma'a yana tashar mota ta Television nan Kaduna wajenku.

Allah ya kiyaye ki.
Mahaifinki,
Ishaku.

Sabon Tasha, Kaduna,
27 ga Yuni, 1999.

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. Ka ce mata zan zo, aiki ne ya yi mini yawa.

Haba Baba! Ka tsaya gaban Manaja ka ce an gama, ni da zan yi aikin ban ma ji labari ba? Na kai wa Oga Cyril wasiƙarka, ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Babanki ya ɗauka ƙofar gida za mu yi wa fenti?"

Bari in faɗa maka yadda abin yake, don ka faɗa wa Manajanka daidai. Mu abin da muka saba fesawa rolar masaƙu ce da sandar famfo, abubuwa miƙaƙƙu masu juyawa a kan inji. Farfela lungu ce da saƙo, ba mu taɓa yin irinta ba. Da farko sai an gurje tsohuwar walda duka, har a kai ga ƙarfe na asali. E, Baba, har da taka. Sannan a watsa mata tsakuwa da iskar kwamfuresa ta yi kaushi. Sannan a kunna bindigar feshi: gas da iskar oksijin suna ci, gari yana shiga cikin harshen wutar yana narkewa, yana dukan ƙarfen da gudu yana mannewa, shafi bisa shafi. Duka kaurin da ƙyar ya kai na farce, amma yashin kogi ba ya iya cinsa da sauri. In aka yi daidai za ta yi damina huɗu ko biyar. In aka yi gaggawa, ko ƙarfen ya sha danshi kafin a fesa, ɓarewa zai yi kamar ɓawon ƙwai tun a satin farko.

Garin da ya dace da ruwa mai yashi ba mu da shi. Daga waje ake kawowa. Oga ya yi wa ƙaninsa Ekene waya Legas, ya ce zai sa a taho da shi.

Ina so in yi aikin nan, kada ka ji kamar ina gudu. Da wutar tasharku na yi karatu. Amma sati goma nake bukata, ba tara ba. Ka faɗa masa haka da bakinka, kada ka rage ko kwana ɗaya don a ji daɗinka.

Taka,
Schola.

Ruwan Tsauni,
19 ga Yuli, 1999.

Ɗiyata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ga farfela nan a motar kamfani. Ni na ɗaure ta da hannuna, a sauke ta da hankali.

Na faɗi sati goma kamar yadda kika ce, Manaja ya yarda. Bayan kwana uku sai Ciyaman na ƙaramar hukuma ya kawo ziyara. Aka gaya masa ana gyaran inji da sabuwar fasaha. Nan take ya ce a sa shi cikin ayyukan da zai buɗe a bikin cikarsa kwana ɗari a ofis, ranar 6 ga Satumba. Manaja ya ce to. Ni ina tsaye a baya, ba wanda ya waiwayo ya tambaye ni.

Ke nan kina da sati shida, na bakwai mu ɗaura. Na san ba haka muka yi ba. Amma ke yarinya ce mai himma, ki ƙara ƙoƙari.

Maganar gurje walda kuwa, ba sai kun bi ta duka ba. Ta gindin fiffike na tara mai kyau ce, ku bar ta yadda take ku fesa a kai.

Mahaifinki,
Ishaku.

Kakuri,
9 ga Agusta, 1999.

Baba,

Ina kwana, ya Mama. A shago nake rubuta maka wannan, a kan benci, don in na bari sai na koma gida ba zan iya ba.

Sati uku ke nan farfelarku tana nan. A cikinsu kwana biyar kacal muka ga wuta da rana. Janaretanmu ba ya ɗaukar kwamfuresa da injin gurza a lokaci ɗaya, sai a kashe wannan a kunna wancan. Mutanen masaƙa suna zuwa suna leƙa ta, suna dariya wai ga masu gyaran injin wuta suna zaune a duhu. Garin feshi kuwa ya sauka Legas tun farkon wata, yana tashar jirgin ruwa. Ekene ya ce an canja jami'ai, sababbin sun ce takardar da tsofaffin suka sa wa hannu ba ta aiki, sai an sake daga farko. Kullum in ya yi waya maganar ɗaya ce, gobe.

Amma duk wannan ba shi ne damuwata ba.

Na gurje waldar fiffike na tara. Na san ka ce a bari, amma ba a fesawa a kan abin da ba a gani ba. Da na kai ƙarfe na asali na shafa jan ruwan gwaji, na goge, na barbaɗa farar hoda. Baba, jan layi ya fito tun daga gindin fiffiken ya yi kusan tsawon tafin hannuna. Tsaga ce. Na kira Oga ya duba, muka sake gwadawa, ya sake fitowa. Kuma ba sabuwa ba ce, cikinta ya yi baƙi. A ƙarshenta akwai ɗan rami da aka huda da gangan don a hana ta ci gaba, ta kuwa wuce ramin.

Feshi riga ce. Yana kare ƙarfe daga yashi, ba ya haɗa abin da ya rabu. In na fesa a kan wannan, ɓoye ta kawai na yi. Wannan farfela tana juyi sau ɗari biyar a minti. Ranar da fiffiken ya balle, ba bangon gidanta ne zai tare shi ba.

Dole in rubuta wa kamfani rahoto. Amma kafin nan ina so in ji daga bakinka. Wannan ramin, wa ya huda shi? Me ya sa cikin fikafikai goma sha uku, na tara kaɗai ka ce in bari?

Schola.

Ruwan Tsauni,
15 ga Agusta, 1999.

Scholastica,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki, tambaya irin ta ɗan sanda.

Ni na huda. A damina ta 1994 ne, lokacin da aka yi dogon yajin aikin nan man fetur ya ɓace a ƙasa. Inji na ɗaya yana kwance, asibiti ba su da ko ɗigon gas na janareta. Na buɗe na biyu na ga tsagar. Na gaya wa Manajan lokacin, ya kai ni gaban Kantoma. Kantoma ya ce in wuta ba ta dawo cikin kwana biyu ba, ni da yarana duka a bayan kanta za mu kwana. Na ce a sayo sabuwar farfela. Suka yi mini dariya. Na dawo na huda, na cike, na rufe, na yi addu'a. Shekara biyar ke nan tana juyawa. Mata nawa aka yi wa tiyatar haihuwa da wutar nan? Ke kanki da ita kika yi bitar jarrabawarki ta ƙarshe da kika zo hutu.

Wancan Manajan ya rasu. Kantoma ya yi ritaya, an ce ma ya shiga jam'iyya. Ba takarda ko ɗaya da ta nuna na faɗa. In kika rubuta rahoto, sunan mutum ɗaya ne zai fito, nawa. Wata huɗu ya rage mini in yi ritaya da mutuncina. Kuma ba sabuwa za su saya ba, rufe injin za su yi, su sallami mutane irin su Tagwai da Wilson masu tsaron inji, da 'ya'yansu ƙanana.

Abin da ya riƙe shekara biyar zai riƙe ta shida. Ki mayar da waldar, ko ki sa a yi wadda ta fi tawa, ki fesa da duk garin da kuke da shi, ki aiko. Ni na san injin nan, ke a littafi kika san shi. Ban taɓa roƙonki komai ba. Wannan ma ba roƙo ba ne, ni na haife ki.

Mahaifinki.

Kakuri,
27 ga Agusta, 1999.

Baba Ishaku, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Ni ne Cyril, mai shagon da Schola take aiki. Ni ba mutumin rubutu ba ne, amma yau Juma'a ta biyu ke nan Ɗanjuma yana zuwa karɓar amsa tana cewa babu. Shi ya sa na ce bari ni in rubuta.

Ta rubuta rahoto. Sau uku tana yagawa. A wanda ta aika wa kamfani, ta ce akwai tsohuwar tsaga a fiffike na tara, farfelar ba ta da lafiyar aiki. Ba ta sa sunan kowa ba. Ni ma na sa hannu a ƙasa.

Jiya Manajanku ya zo da mota da mutum huɗu. Ya ajiye rahoton a kan benci ya ce bai gani ba, kuma ba zai gani ba sai bayan biki. Ya ce a fesa. Schola ta ce gari bai zo ba, ko ya zo ma ba za ta fesa ba. Ya ce, "Madam, kowa a Kaduna feshi yake yi, ba ku kaɗai ba ne." Ta ce, "Yallaɓai, masu feshin mota ne." Ya juyo wurina wai in yi mata magana tunda ni ne mai gida. Na ce masa shekara ashirin da biyu ina Kakuri, ba a taɓa dawo mini da aiki a ce ya kashe mutum ba, ba zan fara da tsufana ba.

Sun ɗauke ta. Direbansu ya faɗa mini wani gareji za su kai ta a Tudun Wada, a cike wurin da walda a yi mata fentin azurfa.

Baba, ka ji da kyau. Mun riga mun gurje tsohuwar waldarka. Wadda za su yi a garejin mota ba za ta kai rabin taka ba. Farfelar da za ta dawo maka ta fi wadda ka aiko haɗari. Wannan shi ya hana 'yarka cin abinci, tana cewa ita ta buɗe, ita ta jawo. Na ce mata ba haka ba ne, ba ta ji.

Kada ka bar mutum kusa da injin nan.

Naka,
Cyril.

Ruwan Tsauni,
21 ga Satumba, 1999.

Ɗiyata Scholastica,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wataƙila labari ya riga wasiƙata isowa. Ina so ki ji shi yadda ya faru.

An kawo farfela tana ƙyalli. Na karce ta da makulli, fenti ya biyo makullin. Duk da haka na ɗaura ta. Ba zan ɓoye miki ba, ni na ɗaure kowace ƙusa, ina ce wa kaina wataƙila ta riƙe.

Ranar biki aka kafa rumfuna, 'yan makaranta suka yi fareti, Ciyaman ya yi jawabi ya ce a kwana ɗari farar hula sun yi abin da soja suka kasa a shekara goma sha biyar. Aka shigo ɗakin inji. Aikina in buɗe bawul ruwa ya shiga, shi kuma ya danna maɓalli. Na ɗora hannu a kan sitiyarin bawul. Sai na ga Tagwai da Wilson a tsaye jikin injin da sababbin kakinsu, an jera su don hoto. Matar Wilson tana bakin ƙofa da goyo. Hannuna ya ƙi murɗa shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, injin nan akwai tsaga a farfelarsa. Ni na rufe ta shekara biyar da suka wuce. Ba a fesa mata komai ba, fenti ne."

Ciyaman ya yi dariya, ya ce wa Manaja, "Tsohon nan naku akwai barkwanci." Aka yi dariya. Manaja ya kama hannuna ya fitar da ni, ya sa wani ya buɗe. Inji ya tashi, fitilu suka kama, aka yi tafi. Ina waje ina jin tafin.

Washegari aka ba ni takardar dakatarwa. Laifi biyu aka rubuta. Na ɗaya, na yi ƙaryar cewa akwai tsaga don in kunyata gwamnati. Na biyu, na ɓoye wa kamfani tsaga shekara biyar. A takarda ɗaya, Scholastica, layi yana bin layi. Na tambayi akawu wanne zan amsa, ya ce duka.

Kafin in miƙa makullai na ja bencin masu tsaro na kai shi bayan bangon ɗakin mita, na sa Tagwai da Wilson suka rantse mini ba za su tsaya gefen injin ba sai dole.

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ranar Juma'a da tsakar rana ina gona na ji ƙara kamar dutse ya faɗo daga tsauni. Fiffiken ya balle, ya fasa gidan farfela, ruwa ya cika ɗakin. Tagwai ne ya ruga ya rufe bawul, ruwa ya maka shi da bango, hannunsa ya karye wuri biyu. Wilson kunnensa na hagu har yau ba ya ji. Ba wanda ya mutu.

Inji na biyu ya gama aiki. An sallami mutum tara. Garuruwa suna karɓa-karɓar wuta, asibiti kaɗai ke samu kullum. An mayar da Manaja hedkwata, an ce ƙarin girma ne.

Na je duba Tagwai. Ya ce, "Foman, ka san da ita tun tuni?" Na ce e. Ya juya fuskarsa bango.

Abin da na rubuta miki a watan Agusta, ki ƙona shi. Ki gaida Cyril, ki ce na ga saƙonsa. Ki ci abinci.

Mahaifinki,
Ishaku.

Sabon Tasha,
8 ga Nuwamba, 1999.

Baba,

Ina gaishe ka. Ya jikin Tagwai da Wilson? Mama ta aiko mini da citta da doya, ka ce mata sun iso.

Na daɗe ban amsa ba don raina a ɓace yake, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Ban ƙona wasiƙar ba. Ba don in riƙe ka da ita ba, don labarin 1994 yana ciki, kuma wata rana wani zai tambaya.

Gari ya iso. Ranar 29 ga Oktoba, gwangwani shida, wata huɗu bayan an yi oda. Oga ya ajiye su a tsakiyar shago muka tsaya muna kallonsu.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Wanda ke riƙon tasharku yanzu ya aiko takarda. Tsoro ya kama su, sun ce inji na ɗaya ne kaɗai ya rage, kuma yashin daminar bana ya ci farfelarsa. Tunda ruwa ya fara ja, za su ciro ta su kawo mana ranar 16 ga wata. Asibiti zai koma janareta sati uku, ba ƙari.

Sati uku ba zai ishe ni in yi ta lalube ina neman inda walda take da inda ƙarfe na asali ya fara ba. Mutum ɗaya ne ya sani. Na yi musu waya na ce sai da kai zan yi. Suka ce an dakatar da kai, ba ka da izinin shiga tasha. Oga ya karɓi wayar ya ce Kakuri ba tasharsu ba ce.

Ba za su biya ka ba, ba kuma za su janye takardarsu ba, na tambaya. In ka zo, a shago ni ce injiniya, abin da gwaji ya nuna shi zan rubuta. In ba za ka iya da haka ba, ka faɗa mini tun yanzu.

Taka,
Schola.

Ruwan Tsauni,
14 ga Nuwamba, 1999.

Ɗiyata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. An kwance wa Tagwai ɗauri, hannun bai miƙe sosai ba. Wilson yana nan yadda yake.

Zan biyo Ɗanjuma ranar Alhamis. Ba sai kin zo gareji ba, na san hanyar Kakuri.

Kada ku sa injin gurza kafin in iso. Ku fara shirya jan ruwan nan naku. A fiffike na huɗu akwai wurin da ban taɓa nuna wa kowa ba, tun 1988. Ban san ko ya yi nisa ba. Zan ɗora miki yatsa a kai, ki gwada, ki rubuta abin da kika gani da sunana.

Mahaifinki,
Ishaku.